Akwai Abinci a Cikin Fure: Jawabin Mai Lambu a Zaman Zumunci na Najma



Iyayena dattawa, malamaina, yayyena da ƙannena da ke zaune a nan Najma, da iyayenmu maza da mata da za su karanta wannan magana a gida, ko a karanta musu, a Nima da Mamobi da Aboabo da Asawase da sauran zangunanmu, ina gaishe ku gaisuwar girma. Allah Ya saka wa waɗanda suka haɗa wannan zama da alheri.

Shugabanni sun ce in yi magana a kan sana'ata. Da farko na so in ba da uzuri, don ni ba malami ba ne, mai lambu ne. Sama da shekara goma ke nan ina renon furanni da itatuwan ado a wannan ƙasa ta Katar. Amma da na tuna yaran da ke kwana a ɗakunan bayan Suk Haraj ba aiki, sai na ga yin shiru ba zai yi ba.

Bari in fara da mahaifiyata, Allah Ya ƙara mata lafiya. Ran da na kira ta na ce na sami aiki, ta yi hamdala ta tambaye ni wane iri. Na ce, "Inna, fure nake ba ruwa." Ta yi shiru, can ta ce, "Fure kuma? Ana cin sa ne?" Shekara biyu in maƙwabta suka tambaye ta sai ta ce ina aiki a kamfani. Ban ga laifinta ba, domin a zango mun saba ganin daraja a wurin mai shago, da direba, da mahauci, da mai kai goro Arewa. Wanda ke durƙushe yana taɓa ƙasa saboda abin da ba a sa wa a tukunya, sai a ɗauka ya rasa abin yi ne. To, da kuɗin furen nan aka yi wa ɗakinta rufi, da shi ƙannena biyu suka gama makaranta.

Abin da ke damuna shi ne wannan. Yaro zai sa a sayar da fili ko a ci bashi a biya ejan, ya sauka Doha, ka tambaye shi me ya iya, ya ce, "Kowane aiki." Mai cewa kowane aiki bai iya ko ɗaya ba ke nan. Kowa gadi yake nema, ko tuƙi, ko kai saƙon abinci a babur, layin kuwa ya yi tsawo. A gefe guda wuraren renon tsirrai da kamfanonin gyaran lambu cike suke da mutanen Nepal da Bangladesh da Indiya, da 'yan uwanmu na Kenya da Uganda. Mu da kakanninmu suka yi noman fadama da na rani, mu muka fi kowa ƙaranci a wurin.

Me ya sa ake neman masu wannan aiki a nan? Ƙasar nan hamada ce. Ruwan saman da take samu a shekara bai kai milimita 100 ba, Kano na samun kusan ninkinsa goma. Zafin bazara yakan wuce digiri 45, a watan Yulin 2010 ma an auna 50.4. Saboda haka duk wani koren abu da kuka gani a bakin Kornish, ko a lambun Al Bidda, ko Aspire, ko Rawdat Al Khail da ke kusa da mu, hannun mutum ne ya dasa shi, kuma in aka bar shi kwana kaɗan ba kulawa a bazara zai ƙone. A gida in ka dasa darbejiya ka kare ta daga awaki damina ɗaya, ka gama. A nan aikin ba ya ƙarewa, shi ya sa mai yin sa ba ya rasa abin yi.

Hukuma kuma ta sa kuɗi a ciki. A 2019 aka fara shirin dasa itace miliyan ɗaya, bayan an cika shi aka sa burin miliyan 10 zuwa 2030. Saboda gasar ƙwallon duniya ta 2022 an buɗe katafaren wurin renon ciyawa da itatuwa a Umm Salal, inda aka reni ciyawar filayen wasa, irin da ake kira faspalum mai jure gishiri. A filin jirgin Hamad an yi lambu a cikin gini mai itatuwa sama da 300 da tsirrai 25,000. Daga 2 ga Oktoba 2023 zuwa 28 ga Maris 2024 aka yi baje kolin lambu na duniya a Al Bidda, irinsa na farko a wannan yanki. Ban da waɗannan ga otal-otal, ga asibitoci, ga makarantu, ga gidajen masu hali, kowanne da lambunsa. An gama gine-ginen gasar, ma'aikatan gini da yawa sun koma gida, amma itacen da aka dasa yana nan yana neman ruwa kowace safiya.

Sana'ar tana da rassa, ya kamata yaro ya san wanda zai kama. Akwai mai reno, wanda ke fitar da tsiro daga iri ko daga reshe har ya isa sayarwa. Akwai mai kula da lambu, mai yankan ciyawa da datse shinge da canza furanni in lokacinsu ya wuce. Akwai mai ban ruwa, wanda ya san bututu da famfo da agogon da ke buɗe ruwa ya rufe da kansa, kuma a ganina shi ya fi saurin ɗagawa a albashi. Akwai mai kula da tsirran cikin ofis da otal. Akwai mai dabino, wanda ya iya hawa da gyara da barbara. Sai mai haɗa furanni a shago don biki da kyauta. Furannin yanka da kuke gani a shagunan nan yawanci jirgi ke kawo su daga Holan da Kenya da Habasha. A gefen tafkin Naivasha na Kenya dubban gidaje da furen wardi suke ci.

Yanzu ga abin da aikin ya ƙunsa, don kada a ɗauka riƙe tiyo ne kawai.

Na farko ruwa. Ruwan rijiyar ƙasar nan akwai gishiri, na famfo kuwa daga teku ake tace shi, yana da tsada, doka ma ta hana almubazzaranci da shi. Yawancin lambunan gwamnati da ruwan da aka tace daga magudanai ake ba su, wanda ba a sha, ba a alwala da shi, kuma in ka taɓa sai ka wanke hannu kafin ka ci abinci. Ana ba da ruwa ta siraran bututu masu ɗiga a gindin tsiro, da asuba ko da yamma, don rana kada ta shanye. In ka ga bakin ganye ya ƙone, ko farin abu kamar kanwa ya fito a saman ƙasa, gishiri ne ya taru, sai a yi ban ruwa mai yawa sau ɗaya ya tura shi ƙasa da saiwa. Akwai ƙaramar na'ura mai kamar alƙalami da ake tsomawa a ruwa ta nuna yawan gishiri. Yaron da ya iya karanta ta ya riga ya wuce abokan aikinsa da taki ɗaya.

Ni da kaina na sha kunya a kan ruwa. A shekarata ta farko an ba ni tukwanen tsirrai na wani ofis. Da na ga ganye yana yin rawaya sai na ce ƙishirwa ce, na ƙara ruwa, gobe na sake ƙarawa. Ashe saiwar ce ke ruɓewa, don a cikin sanyin esi ƙasa ba ta bushewa da wuri. Layi guda ya mutu, aka yanke mini albashi. Wani dattijo ɗan Sudan da muke aiki tare ya kama yatsana ya cusa a cikin tukunya ya ce kada in ƙara ba da ruwa sai yatsa ya ce mini ƙasa ta bushe. Har yau da wannan nake koya wa sababbi.

Na biyu ƙasa. Ƙasar nan dutse ce da farar ƙasa, ba ta riƙe komai. Haɗa ta ake yi: yashi marar gishiri, da taki da ya ruɓe sosai, da ɓawon kwakwa da aka niƙa don riƙe danshi. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, wannan duk ɗan manomi ya sani tun daga gida.

Na uku lokaci. Shekarar mai lambu a nan juye take. Daga Oktoba zuwa Nuwamba ake dasa furannin sanyi irin su fetuniya da merigol, su yi ado har wajen Afrilu. In zafi ya shigo sai a cire su a sa masu jurewa irin su binka. Babban itace ba a tayar da shi a tsakiyar bazara sai dole.

Na huɗu yawaita tsiro, kuma a nan asirin kuɗin yake. Reshe ɗaya na bogenbiliya, wadda Larabawa ke kira jahannamiyya, in ka yanka shi tsawon taƙi, ka cire ganyen ƙasa, ka soka a leda a inuwa, cikin 'yan makonni zai yi saiwa. Abin da wani ya datse ya zubar ya zama haja ke nan. Sai aurar da itace, yadda ake yi wa mangwaro da lemo a gida, da fitar da saiwa a jikin reshe tun yana kan uwarsa.

Na biyar ƙwari da cuta. Akwai farin ƙwaro mai kamar auduga, akwai ƙananan ƙudaje farare a bayan ganye, akwai jan ƙwaron dabino da ke cin cikin itace, ba a ankara ba sai kan dabinon ya faɗo. Ina roƙonku, ƙannena, kada wanda ya yi feshi ba takunkumi da safar hannu, ko da shugaban aiki yana gaggawa. Maganin ba ya nuna illarsa a ranar.

Wani abin da zai ba iyayenmu mamaki: tsirrai da yawa da ake saye da tsada a nan, namu ne na gida. Ƙariya, wadda ke fitowa a dajin Arewa ba mai kallonta, ita ce ake sa wa a tukunya mai kyau ana kiranta wardin hamada. A kula dai, ruwan jikinta dafi ne, a nisanta ta da yara. Sidira da Katar ke alfahari da ita, har ta zama tambarin Qatar Foundation, kurnarmu ce, 'yar uwar magarya. Ga darbejiya a bakin titi, ga lalle, ga zogale. Mashmum da matan nan ke so a biki dangin ɗoɗɗoya ne. Tumfafiya kuwa ko a nan da kanta take fitowa. A Education City akwai lambun da aka kafa a 2008 don tsirran da aka ambata a Alƙur'ani da hadisi. Duk wanda ya sami hutu ya je ya gani, zai tarar ya san da yawa daga cikinsu tun yana yaro. Malamai suna nan, sun fi ni sanin abin da ya zo a hadisi na ladar wanda ya dasa itace har mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci.

Ba zan ɓoye muku wahalar ba. Aikin rana ne, akwai durƙuso da ɗaukar kaya, kuma albashin farko ƙarami ne. Tun watan Maris na 2021 mafi ƙarancin albashi a doka riyal 1,000 ne, da 500 na masauki da 300 na abinci in kamfani bai ba da su ba. Sabon lebura a lambu yawanci daga nan yake farawa. Wanda ya ci bashi mai nauyi ya zo a kan wannan albashi zai daɗe yana yi wa bashin aiki. Iyaye su yi wannan lissafi tun kafin a sayar da komai.

Ga abin da doka ta ba ma'aikaci, kowa ya riƙe. Daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana aiki a fili daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma. Ba a yarda a karɓi kuɗin ɗaukar aiki daga hannun ma'aikaci ba. Ba a yarda a riƙe maka fasfo ba da son ranka ba. Albashi ta banki ake biya. Tun 2020 mutum na iya canza wurin aiki ba sai da takardar amincewar kafili ba, in ya ba da sanarwar wata ɗaya, ko wata biyu in ya wuce shekara biyu a wurin. In ka cika shekara kana da kuɗin sallama, aƙalla albashin mako uku a kan kowace shekara. In an danne maka haƙƙi akwai Ma'aikatar Ƙwadago da kwamitocin sasanta rikicin ma'aikata. A aikace wani lokaci abin yakan ja, amma wanda ya san haƙƙinsa ba a yi masa yadda ake yi wa wanda bai sani ba.

Ga kuma abin da doka ta hana mu. Abin da ejan ke kira "firi biza" babu shi a dokar ƙasar nan. Yin aiki a wurin wanda ba shi ne a takardarka ba, ko da gyaran lambun wani gida ne ranar Juma'a, laifi ne in ba da izini ba, yana iya kai mutum ga tara ko kora. Kasa tukwane a bakin titi kana sayarwa ba lasisi, shi ma haka. Kada kuma a cusa iri ko tsiro a jaka a hau jirgi da shi, zuwa ko komawa, sai da takardar hukumar da ke duba lafiyar tsirrai. Ta haka cuta ke tsallaka ƙasa.

To yaya ake hawa? Matakan a bayyane suke: lebura, mai lambu, shugaban 'yan aiki, mai duba aiki. Abin da na ga yana ɗaga mutum abu huɗu ne. Ya san sunayen tsirrai yadda suke a takardar oda, don da sunan Latin ake rubuta su. Ya iya karanta zanen lambu da na bututu. Ya sami lasisin tuƙi na nan. Ya iya rubuta ɗan rahoto da Turanci, ya kuma ji Larabcin aiki. Yaran zango da suka yi makarantar allo da ta boko suna da rabin wannan tun daga gida, sai dai ba su san darajarsa ba. Ni littafi na saya na riyal biyu, kullum in rubuta sunan tsiro ɗaya da yadda yake son ruwa da rana. Ranar hutu in je Suk Omani in zagaya wurin masu sayar da tsirrai ina tambaya. Ba wanda ya taɓa kora ta don na yi tambaya.

Wanda bai taso ba tukuna, ya fi kyau ya koya a gida. A Ghana akwai Sashen Parks and Gardens na gwamnati, da lambun Aburi da aka buɗe tun 1890, da sashen koyar da aikin lambu a jami'ar KNUST a Kumasi. A Nijeriya akwai Kwalejin Aikin Lambu ta Tarayya a Dadin Kowa ta jihar Gombe, da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta, da cibiyar bincike ta NIHORT a Ibadan mai reshe a Bagauda. Wanda ba shi da halin makaranta ya je wurin masu sayar da fulawa a bakin titi a Accra ko Kumasi ko Kano ko Abuja, ya yi shekara guda yana cika leda yana kallon hannun maigida. Ya ɗauki hoton aikinsa a waya. Wanda ya zo da wannan, in an tambaye shi me ya iya yana da amsa.

Sai maganar komawa, don ba wanda zai tabbata a nan. Mai gadi in ya koma gida rigar gadin tana nan Doha, mai lambu kuwa da hannunsa yake tafiya. Garuruwanmu suna faɗaɗa, ana gina gidaje da otal da makarantu, masu su suna son ciyawa da shinge da inuwa. A Accra tun 2013 ake yin baje kolin lambu da furanni. A Arewa shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 yana buƙatar dashe. Zoɓon da ake lodi daga Jigawa da Kano zuwa Meziko ma ai daga fure yake. Jarin farawa bai kai na shago ba: ɗan fili kusa da hanya, ruwan da ba ya yankewa, leda, taki, rumfar inuwa, baro da almakashi. Amma a yi hattara da abu uku. Kada a kafa a filin da ba izini, ran da aka zo faɗaɗa titi an tashi aikin shekara uku. Kada a fara ba tabbacin ruwan rani. Kada a zaci riba a wata na farko, tsiro sai ya yi watanni kafin ya zama kuɗi, don haka a haɗa da dashen mangwaro da lemo da gwaba da aikin gyaran lambun gidaje, su riƙe mutum kafin nan.

Iyayenmu mata da 'yan uwanmu mata, ku ma da rabonku. Reno a leda aikin tsakar gida ne, ba ya hana girki ko tarbiyya. Lalle, na'ana'a, ɗoɗɗoya da ƙananan furanni a gwangwani suna da masu saye, haka haɗa furannin biki da na ɗakin taro. Ruwan wanke shinkafa da na alwala ya isa fara tukwane goma.

Roƙona ga dattawa shi ne, in yaro ya ce zai koyi wannan sana'a kada a yi masa dariya. In ya zo neman aure kada a ce ai mai ba fure ruwa ne. A tambayi halinsa da abin da yake samu, kamar yadda za a tambayi ɗan kasuwa. In kuma ana shirin tura yaro waje, a ga kwantiragin a rubuce, a san sunan kamfani da aikin da albashin, a kira wani na nan ya duba kafin a biya kowa ko sisi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan mu masu lambu kullum muna gani da ido.

Ku kuma ƙannena da ke nan, duk mai son ya koya, in an tashi ya same ni. Zan nuna masa yadda ake yanka reshe da yadda ake haɗa ƙasa, in gaya masa yadda ake neman canjin aiki ta hanyar da doka ta yarda. Ba ni da aikin da zan ba kowa, abin da na sani ne zan bayar.

Inna kuwa, da na je gida bara na tarar da tukwane shida a ƙofar ɗakinta, har da ƙariya. Ta ce in duba mata ɗaya, ganyen yana yin rawaya. Na sa yatsa a ƙasar na ce, "Inna, ruwa ya yi yawa."

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren nawa ne, a yafe mini. Allah Ya sa albarka a neman kowa, Ya biya wa masu bashi, Ya ba marasa aiki aikin halal, Ya maida mu gida lafiya mu tarar da iyayenmu lafiya.